Ranar da Na Buɗe wa Yakubu Cikin Kalo-Kalo

Ni ne na yi kuskure a kan Yakubu, kuma ba sau ɗaya ba. Da wannan zan fara, domin samarin da ke zuwa shagona a Samaru koyon gyaran wayar hannu suna ganin furfurata su ɗauka ban taɓa lalata komai ba. Su a wurinsu sana'ar nan sauƙi gare ta: ka cire abin da ya mutu, ka sa sabo, ka karɓi kuɗinka. Na ƙona rediyoyin mutane lokacin da nake koyo, wannan kowane mai gyara ya yi. Amma ni har abokin aikina na kusa hallakawa, da hannuna, ina cikin sana'a.

Sunana Sale. Firamare kawai na gama aka kai ni Sabon Gari wurin Oga Okoro, wani Ibo mai gyaran rediyo da talabijin. Aikin farko da ya ba ni rediyon wani tsohon soja ne da ta daina magana. Na ɗauko sukundireba zan kwance, ya buge mini hannu, ya ce in kai hancina bayanta in shaƙa. Na shaƙa, na ji ƙauri. Ya ce to, tiransifoma ce ta ƙone, na gano ciwon ban taɓa ko ƙusa ɗaya ba. Watanni na yi ina shara da shaƙar ƙauri kafin ya bar ni in riƙe ƙarfen narka dalma. Kayan aikinmu ba su da yawa: mitar auna wuta, filaya, sukundireba manya da ƙanana, dalma, da tsohon buroshin haƙori na share ƙura daga jikin fanel, allon da ƙananan kayan ciki ke manne a kai. Doka ɗaya ce Oga ba ya ɗaga ƙafa a kanta. Ba a miƙa wa mutum kayansa sai an gwada a gabansa. Rediyo a kunna ta yi magana, talabijin ta nuna hoto, mai ita yana tsaye yana gani.

A wannan shago na haɗu da Yakubu. Kirista ne, iyayensa manoma daga kudancin Kaduna, amma a Samaru aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa. Ni da hanci nake gane ciwo, shi da kunne. An taɓa kawo amfilifayar wani coci, na'urar ƙara ƙarfin sauti, da ke gurnani kamar akwai ƙudan zuma a ciki. Ni da Oga muka bi ta da mita tun safe ba mu ga komai ba. Yakubu ya rufe ido ya saurara, ya ɗora yatsa a kan wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya ce wannan ne. Shi ne kuwa. Hannunsa ba ya rawa. Idan ya ɗiga dalma sai ka ga ta zauna kamar daga kamfani ta zo. Yana kirana Malam don tsokana, ni kuma in ce masa Fasto.

Da Oga ya yaye mu muka kama shago tare a Unguwar Gabas, tebur biyu, janareta ɗaya. Sojojin barikin Basawa suna kawo bidiyo, matan aure suna aiko da rediyo mai cin kaset, ɗalibai suna zuwa da kayan kiɗa suna ciniki rabi Hausa rabi Turanci. Soja ya fi kowa biya da kyau, ya kuma fi kowa rashin haƙuri. Muka yi aure, Yakubu ya auri Rifkatu, wadda take sayar da kayan miya a kasuwar Samaru.

Sai shekarar da ta karya mu ta zo, a farkon shekarun dubu biyu. Ƙananan rediyoyi masu araha suka cika kasuwa. Mutum ya kawo tasa, ka faɗi kuɗin gyara, ya yi dariya ya ce sabuwa ba ta kai haka ba. Wuta kuma ba ta zama, man janareta yana cinye ɗan abin da aka samu. Mukan wuni muna kallon titi. Ana cikin haka wani mai gidan giya a Sabon Gari ya zo ya ce yana da na'urar caca, wadda ake kira kalo-kalo, ta tsaya, ko za mu duba. Na ce mu ba ma irin wannan aikin. Ya faɗi abin da zai biya. Na ɗauki jakata.

Na'urar tsayinta ya kai ƙirjin mutum, tana da gilashi a gaba da hotunan 'ya'yan itace a layi uku masu juyawa. Kana sayen kwandala ta musamman a wurin mai gidan, ka jefa, ka ja hannun ƙarfe. Idan hotuna uku suka zo iri ɗaya ta zubo maka kwandaloli. Ciwonta ƙarami ne, fiyus da wata waya da ɓera ya ci. Da muka gama mai gidan ya ba mu kwandaloli cike da tafin hannu, ya ce mu gwada a gabansa kamar yadda aka saba, abin da ya faɗo namu ne.

A nan na yi laifina na farko. Na ce ni Musulmi ne, ba zan ja ba, haramun ne. Na zuba wa Yakubu kwandalolin a hannu.

"Malam, mu ma a cocinmu an hana fa," in ji shi.

"Gwaji ne kawai, Fasto. Ja mu tafi."

Ku duba wannan wayo nawa. Na gyara abin, zan ci kuɗin gyaran, amma zunubin na miƙa wa abokina. Ya ja, ya sake ja, ana cikin haka fitilu suka kama walƙiya, na'urar ta yi ta ƙara, kwandaloli suna zubowa har ƙasa. Mutanen wurin suka yi masa tafi. Muka sayi tsire a hanya muna dariya.

Daga nan aikin kalo-kalo ya buɗe mana, domin masu irin waɗannan gidaje sun san juna. Kullum ni ke gyara, Yakubu ke gwaji. Ban lura da ranar da ya fara sayen kwandala da kuɗinsa ba. Abin da na fara gani, yana cewa zai je sayen dalma sai ya daɗe, ya dawo babu dalmar. Yana cikin aiki sai ya ajiye ƙarfe ya fita kamar an kira shi. Ranar da bai je ba ba a iya yi masa magana, ƙaramin abu sai faɗa. Da farko ɗan canji yake jefawa, daga baya ɗan canji ya daina yi masa komai. Idan aka cinye shi yau, gobe da sassafe yana can, wai zai karɓo abinsa. Mitarsa ta ɓace, ya ce sace ta aka yi. Ya sha rantse mini cewa ya daina, kuma na san lokacin da yake rantsuwar da gaske yake.

Ni mai gyara ne, saboda haka na yi tunani irin na mai gyara. Na ce rashin sani ne ke damunsa, in ya ga cikin abin zai warke. Wata rana da hantsi, gidan babu kowa, muka je duba wata na'ura, na buɗe bayanta gaba ɗaya na jawo shi. Na nuna masa wasu ƙananan makunnai a jikin fanel. Na ce ka gani, da waɗannan ake saita yawan abin da za ta riƙe da ɗan abin da za ta saki, mai gidan ne ke faɗa mini yadda zan sa su, kuma da hannuna nake sawa. Babu sa'a a ciki, babu rana mai kyau, an gina ta ne don ta cinye ka. Yakubu ya fi ni gane fanel. Ya duba da kyau, ya gyaɗa kai, ya ce gaskiyata ce. Na koma gida ina jin na gama aiki.

Bayan kwana kaɗan aka gaya mini yana wuni a gaban wannan na'urar da na buɗe. Da na tsare shi sai ya ce ai yanzu ya san tana saki, tunda ya ga saitin da idonsa, abin da ya rage kawai ya kasance shi ne a wurin lokacin da za ta saki. Mutumin da ke gane ciwon amfilifaya da kunne, ya ga gaskiya a buɗe, ciwon ya karɓi gaskiyar ya mayar da ita dalilin komawa.

Talabijin ɗin wani sajan daga Basawa ita ta raba mu. Babba ce, ya kawo ta da layi a fuska, Yakubu ya gyara ta tsaf. Ranar da sajan ya zo ɗauka babu ita a shago. Yakubu ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce ya jinginar da ita, da niyyar ya fanso ta kafin mai ita ya zo. Sajan ya cire bel. Maƙwabta ne suka shiga tsakani, na sayar da janaretarmu na fanso masa kayansa. Da ya tafi na kwaso jakar Yakubu na jefa ta titi. A gaban teloli da masu faci da duk wanda ke layin na kira shi ɓarawo, na ce kada ya sake taka mini shago. Ya tsince filayarsa daga cikin kwata ya tafi.

An ɗauki makonni kafin Rifkatu ta zo. Ba ta zauna ba. Ta ce mijinta ba ya barci, ba ya cin abinci, ya kuma fara cewa ita da yara za su fi samun sauƙi in ba ya nan. Wannan maganar ce ta tsorata ta ta gaya wa fastonsu, shi kuma bayan addu'a ya ce su tafi asibiti, sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa. Sun je, likita ya gan shi, yanzu ma'aikaciyar jinyar da ke kula da shi tana son ganin wanda suke aiki tare.

Na ce Yakubu ba mahaukaci ba ne, ɓarawo ne.

"To, Malam Sale, ka zo ka faɗa musu haka da bakinka," ta ce.

Na je asibitin. Ma'aikaciyar jinyar, Sista Ladi ake kiranta, dattijuwa ce, ba ta ɗaga murya. Na shiga da shirin ba da labari, sai ta riga ni. Ta tambaye ni ko yakan ƙagu ya yi ta fushi ranar da bai yi ba. Ko abin da yake zubawa ƙaruwa yake yi. Ko yana komawa neman abin da aka cinye. Ko yana ƙarya a kan inda ya je, ko ya sayar da kayan aikinsa, ko ya sha cewa ya daina ya kasa. Kowace ta faɗa sai in ce haka ne. Kamar tana ƙarƙashin teburinmu duk shekarar. Na tambaye ta ko Yakubu ne ya gaya mata. Ta ce wasu ya faɗa, amma ciwon haka yake zuwa wa kowa, malami ko direba, kuma ciwo ne da aka sani, ɗan uwan na mai shan giya ko ƙwaya wanda ya kasa bari, sai dai shi wannan ba a haɗiyar komai. Ƙwaƙwalwa ce ta saba da zumuɗin jiran abin da zai faɗo, har ta daina jin daɗin sauran abubuwa.

Na gaya mata yadda na buɗe masa na'urar, ina jiran ta yaba mini. Ta ce ai ya sani tun kafin in buɗe, ba a wajen sani ciwon yake ba. Sai ta juya wajen Yakubu ta nemi ya maimaita mini abin da ya gaya mata. Yana zaune a gefe, ya rame, bai dube ni ba.

"Malam, ba cin kuɗin nake so ba," ya ce. "In na ci ma haushi nake ji, don sai na tsaya kwasa. Lokacin da biyu suka zo iri ɗaya, na ukun yana juyawa, shi nake nema. In ya wuce da kaɗan ya fi mini daɗi a kan ya tsaya daidai. Ko rediyo nake gyarawa ina jin ƙarar kwandala a cikinta."

Na san wannan wucewa da kaɗan ɗin. Na sha ganinta ina gyara, ban taɓa tunanin ita ce ƙugiyar ba.

Maganin bai yi kama da abin da na zata ba. An ba shi ƙwayoyi saboda baƙin ciki da rashin barci, amma Sista ta ce babu ƙwayar da ke cire caca ita kaɗai. Duk mako yana zuwa su zauna su bi abin dalla-dalla: wane lokaci sha'awar ke tasowa, me ya faru kafin ta taso, me zuciyarsa ke raya masa, wace amsa zai ba ta. Kuɗi ya bar hannunsa, komai ya koma wurin Rifkatu, da yardarsa. Ya daina bin titunan da gidajen suke. Wani lokaci ana haɗa shi da wasu masu irin ciwon su yi hira. An gaya wa danginsa su daina biya masa bashi a ɓoye, domin hakan share wa ciwon hanya ne. An kuma ce a daina zaginsa, don kunya ita ke kora shi can. Ban taɓa ganin an kwance mutum an bi wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya da irin wannan haƙuri ba.

Ni ma ta ba ni nawa aikin. Ta ce sana'arsa tana cikin abin da zai tsayar da shi, amma ba zai koma teburin da ake gyaran kalo-kalo ba. Na ce to da me zan ci abinci. Ta ce wannan ni zan duba. Na ce mata na ji, na fita, na ci gaba da gyaran abina ban gaya wa kowa ba.

Wata Asabar aka kira ni wani gida, na'ura ɗaya tana cinye kwandala ba ta juyawa. Na shiga da jakata. A na'urar da ke kusa da ita, wadda na gyara makon da ya wuce, Yakubu ne tsaye yana ja. Ya yi watanni bai taɓa ba. Ya gan ni, na gan shi, ya dubi jakar da ke hannuna. Na juya na fita, ban gyara ba, kuma ban sake taɓa irin wannan na'ura ba.

Na ɗauka shi ke nan, wahalar Sista ta tashi a banza. Ashe da ƙafarsa ya koma ya gaya mata. Rifkatu ta ce mini matar ko fuska ba ta ɓata ba, ta ce faɗuwa tana cikin jinyar, a duba ta ina ta shigo. Aka duba, ashe wani coci ne ya biya shi kuɗin gyaran lasifika a hannu, yana Sabon Gari, shi kaɗai. Aka toshe wannan ƙofar, aka ci gaba.

Na saki shagon Unguwar Gabas na dawo Samaru, kan hanyar Bomo inda ɗalibai suke haya. Wayar hannu ta fara yawa, na zauna ina koyon ta da girmana, ina lalatawa ina biya. Na sa kafinta ya yi tebur na biyu. Na aika wa Yakubu cewa wuri yana jiransa, ya aiko da godiya, bai zo ba. Na sake aikawa, haka.

Wata rana da la'asar na kai masa wata rediyon mota da ta gagare ni. Yana aiki a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa. Yana cikin dubawa sai na ga hannun nan da ba ya rawa ya fara rawa, gumi ya keto masa. Ya ajiye ƙarfe a hankali ya ce, "Rifkatu, ta zo." Ta bar tukunya ta zo ta zauna kusa da shi, tana ba shi labarin wata mai tumatir da suka yi faɗa a kasuwa. Yana numfashi, yana amsa mata da ƙyar. Ni dai ina zaune ina kallo. Can sai na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya sha ruwa, ya ɗauki ƙarfensa, ya ce mini haka sha'awar cacar take, tana hawa kamar za ta kashe ka, in ba ka bi ta ba sai ta sauka da kanta. Ya gama rediyon, ya kunna ta a gabana. Na ga masu ƙarfi a rayuwata, sojoji da 'yan dako, ban ga wanda ya ɗaga abin da Yakubu ya ɗaga yana zaune a kan tabarma ba.

Rifkatu ta rako ni bakin hanya. Na ce mata ban gane abin da ya hana shi zuwa ba, ga tebur na yi masa. Ta ce tebur yana da kyau, amma mutumin da aka kira ɓarawo a gaban layi ba tebur yake jira ba.

Ban wuce bakin hanyar ba, na koma. Yakubu yana tattara kaya, maƙwabtansa biyu suna zaune, ban ce su ba mu wuri ba. Ya ce ko na manta wani abu ne. Mako bai zagayo ba ya zo shago da jakarsa, kuma shi ne dattijon da kuke gani a teburin taga in kun shigo shagona, wanda har yau ba ya karɓar kuɗi a hannu, yake ce muku ku ba Malam. Abin da na faɗa masa a ranar, ina durƙushe a bakin tabarmarsa, shi ne:

"Yakubu, ni na zuba maka kwandalar farko a hannu don kada nawa hannun ya ɓaci. Kana ciwo na kira ka ɓarawo a gaban mutane. Kana jinya ina can ina gyara abin da ke cin ka. Ba na ce ka dawo shago ba, wannan ya rage naka. Na cuce ka, ɗan'uwana. Don Allah ka yafe mini."